Taku Ɗaya Bayan Farin Layi

A barikin nan ba a duba agogo don sanin ko takwas ta yi, ƙofar kanti ake dubawa. Da tuta ta kai ƙarshen sanda, mai busa ya sauke begila daga bakinsa, za ka ji kwaɗo ya buɗe, ƙofar ƙarfe ta yi ƙugin da ta saba, Uwar Kanti ta fito ta tsaya da makullanta a wuya. Shekara goma sha tara tana haka. Ta buɗe da zazzaɓi a jikinta, ta buɗe ranar da aka ɗaura auren 'yarta ta fari, sai da ta sallami mutanen safe sannan ta tafi ta canza zane. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Sojoji suna ce mata Uwar Kanti, matansu suna ce mata Inna, in kuma ta juya baya su ce Doka-ta-ce.

Tana amarya ta shigo barikin, matar wani kofur direban babbar mota. Shekararsu tara tare motar ta kife da shi a hanyar kai kaya, ya bar ta da 'ya'ya uku da wata doka da ba ta taɓa ji ba sai ranar: matar da mijinta ya rasu, wata uku gare ta ta kwashe kayanta daga gidan bariki, sai fa in tana yi wa barikin aiki. Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin ya cika ta sami aikin shara a kanti. Mai riƙe da kantin a lokacin wani tsohon saja ne mai faɗan tsiya, idonsa ya fara mutuwa amma ba ya so a sani. Sai ya ɓullo da dabara. Kullum in ta gama shara ya miƙo mata littafin dokokin kanti mai koren bango, ya ce ta karanta masa, wai gwada karatunta yake yi. Karatun kuwa na aji uku ne, ta daɗe da watsar da shi. Ta yi ta tuntuɓe yana gyara mata da ka, har bakinta ya faɗa. Dokoki arba'in da ɗaya ne, ta haddace su kamar sunayen 'ya'yanta. Da sajan ya ajiye aiki ba a yi dogon nazari ba, ita aka danƙa wa makullan.

Doka ta huɗu ita ce ta jawo mata baƙin jini. Ta ce da begilar sauke tuta ta fara, ƙarfe shida na yamma, an daina karɓar mai zuwa. Wanda ya riga ya hau baranda a sallame shi ko yaushe za a gama, wanda bai hau ba sai gobe. To barandar kantin daidai take da ƙasa, ba dakali ba matakala, kullum sai an yi musun wa ya hau wa bai hau ba. Uwar Kanti ta gaji, ta nemo farin fenti ta ja layi tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta kai wa kwamandan lokacin takarda ya sa hannu cewa nan ne iyakar baranda. Duk farkon shekara takan sabunta fentin da hannunta.

Babbar wadda layin nan ya ci ita ce matar Samanja. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi ta mijinta, har ana cewa a gida yake koyo abin da yake yi wa kurata a filin fareti. Shekara shida ke nan baƙi suka sauka mata ba zato, ta taho da sassarfa neman sukari da madara. Saura taku ɗaya ta tsallake layin begila ta fara. Dokar bariki kuwa, in ana busa kowa a inda yake zai ƙame. Ta ƙame. Da aka gama ta ɗaga ƙafa za ta shiga, Uwar Kanti ta ce, “Matar Samanja, sai gobe ƙarfe takwas.” A gaban matan kurata aka yi haka. Matar Samanja ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka kantin ba, ta kuma riƙe rantsuwarta. Sau biyu a mako takan bi motar bariki zuwa gari, tafiyar kilomita arba'in, ta dawo da kayanta a ka, ta bi ta gaban kanti ko da ba hanyarta ba ce.

Gaskiya dai Uwar Kanti ba mai taurin zuciya ba ce, tausayin ma shi ya so ya rusa ta. Shekara biyu da suka wuce aka kwashe bataliyar aka kai bakin iyaka, bariki ya koma na mata da yara. Ta riƙa ganin mata a layi da goyo, ga wani a hannu, ga tukunya an bari a wuta. Abin ya dame ta. Gidajen bariki jeri shida ne, kowane jeri gida arba'in, sai ta nemo baro shida ta ce kowane jeri ya zaɓi mata biyu masu ƙarfi, su tattaro saƙon kowa a takarda, su zo su ɗauka a baro su raba. Mata suka yi ta sa mata albarka. Shinkafa, man girki, sabulu, gishiri, duk suna fita kamar da, layi kuma ya ɓace.

Sai dai doka ta tara ta ce duk wanda ya shigo ya nuna katinsa na bariki a rubuta lambarsa a rajista, kuma katin wanda ya shigo kaɗai ake rubutawa. Uwar Kanti ba ta taɓa rubuta lambar wanda ba ta gani ba. Haka rajistar ta koma lambobin mata goma sha biyu suna ta maimaituwa, da na 'yan sojojin da aka bari gadi. Duk ƙarshen wata tana aika kwafi hedikwata, inda ta tabbata ɓeraye kaɗai ke karantawa. Ashe an kawo sabon jami'i mai son kwamfuta.

Manjon da aka bar wa bariki ne ya kira ta ofishinsa. Ya ba ta kujera, abin da bai saba ba, nan da nan ta gane ba lafiya ba.

“Inna, takarda ce ta zo daga sama. Sun ce kati talatin da bakwai kacal ke shiga kantinki a wata. Doka kuma ta ce…”

“Doka ta talatin da uku,” in ji ta. “Kantin da bai ga kati ɗari biyu a wata ba, wata uku a jere, a rufe shi a mai da kayan babban sito.”

“To kin ma sani. Kwana talatin suka bayar.”

Ta san doka ta tara, ta san ta talatin da uku, amma ba ta taɓa jera su wuri ɗaya a kanta ba. Ita da ke yi wa mutane gorin doka, ita ta haƙa wa kantin rami da baro shida. Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Ta tuna matan da za su koma bin motar gari da goyo, motar da ba ta ɗaukar fiye da mutum talatin.

“Yallaɓai, juya shafi,” ta ce.

“Wane shafi?”

“Ta talatin da huɗu. Ba a rufe kanti sai mai riƙe da shi ya yarda da ƙidayar. In bai yarda ba a turo jami'i ya zauna yini guda, daga hawan tuta zuwa saukarta, ya ƙirga da idonsa. In kati ɗari biyu suka shigo a yinin, takardar rufewa ta mutu. Ni ban yarda ba.”

Manjo ya lalubo nasa littafin a ƙasan durowa, ya karkaɗe shi, ya duba. Ya cire hula ya sosa kai. “Ɗari biyu a yini ɗaya, Inna? Shi ya sa ba wanda ya taɓa neman wannan dokar.”

“Yau an nema, ranka ya daɗe. A rubuta musu.”

Aka sa ranar Laraba ta mako mai zuwa. Uwar Kanti ba ta iya roƙo ba, amma ta koya a kwana bakwai. Kullum in ta rufe kanti sai ta bi gida gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi gaskiya: laifinta ne, ita ta ɓullo da baro, yanzu tana roƙon kowace mace ta zo da ƙafarta da katinta ranar Laraba, ko ashana ce ta saya. Wasu suka yi mata tsiya tukuna. Wata matar kofur ta ce, “Inna, yau Doka-ta-ce ce a ƙofata? Bari in ɗauko kujera in more kallo.” Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma kowa ya amsa zai zo. In an tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta ce kowane lokaci kafin a sauke tuta. Wannan shi ne kuskurenta na biyu, don duk wanda ya zauna da matan bariki ya san yadda suke fassara irin wannan magana.

Gidan Samanja ta bari na ƙarshe. Ta yi sallama, matar gidan ta leƙo tana goge hannu da tsumma, ta saurare ta har ta kai aya.

“Katina ban ma san inda na jefa shi ba,” in ji matar Samanja. “Kuma yanzu na rufe. Ki dawo gobe ƙarfe takwas, wataƙila in saurare ki.”

Uwar Kanti ta haɗiye maganar ta juya. Ta san ta cancanci wannan.

Ranar Laraba jami'in ya iso kafin hawan tuta, wani kyaftin siriri mai gilashi, da littafinsa da biro biyu. Aka ajiye masa kujera daga cikin ƙofa. Duk wadda ta shigo ya dubi hoton katin ya dubi fuskarta, Uwar Kanti ta rubuta lamba, Mai Sito, wani dattijo mai ciwon baya da suka daɗe tare, ya miƙa kaya. Da safe aka sami talatin. Rana ta take suna hamsin da biyu. Ƙarfe huɗu ta yi suna saba'in da takwas, titi fayau, sai wata akuya da ke lasar buhun gishiri. Uwar Kanti ta leƙa waje ya fi sau ashirin. A leƙawa ta ƙarshe ta hango matar Samanja ta kafa kujera a gindin bishiyar da ke tsallaken titi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta zo kallon mutuwar kanti.

Huɗu da rabi suka ɓarke kamar an buɗe musu ƙofa lokaci ɗaya. An gama girki, an yi wa yara wanka, kowace ta caɓa ado, ga su nan jeri shida duka. Layi ya miƙe daga ƙofar kanti har ya sha kwanar asibiti. Uwar Kanti ta duƙa tana rubutu har yatsunta suka sage, amma duba hoto da rubuta lamba da miƙa kaya ba sa wuce yadda suke. Shida saura ashirin suna ɗari da talatin da tara. Ta yi lissafi a ka. Ko aljani ne ke rubutun ba za a kai ba.

Kyaftin ya matso da kujerarsa ya rage murya. Yini guda ya ishe shi ya gane kantin nan ba matacce ba ne.

“Inna, ni kunnena ba ya ji sosai. In begila ta busa, ƙila ba zan ji ba.”

Ta ɗago ta dube shi. Tayin ya shige ta, ba ƙarya. Amma ta ƙofa tana hango matar da ta mayar saboda taku ɗaya, tana zaune tana kallo. In yau ta toshe kunne don abin ya zo kanta, to abin da ta yi wa matar nan shekara shida ba doka ba ce, wulaƙanci ne kawai.

“Na gode, yallaɓai. Nawa kunnen yana ji,” ta ce. “Amma buɗe littafinka, doka ta huɗu. Wanda ya riga ya hau baranda kafin busa, a sallame shi ko yaushe za a gama. Ga iyakar baranda can da farin fenti, ga takardar kwamanda a bango.”

Ya duba, ya gyaɗa kai. “Haka ne. Sai dai barandar mutum nawa za ta ci?”

Ba ta tsaya amsa shi ba, ta fita tana cewa kowa ya hau baranda. Nan aka rikice. Layi ya watse, aka dunƙule wuri ɗaya ana ture-ture, yara suna kuka, wata ta faɗa cikin baro. Barandar kuwa cike take da tarkace: baro shida, akwatunan lemo, tukwanen gas, dogon benci. Mutum ashirin suka shiga wuri ya cushe. Uwar Kanti tana ta magana muryarta ba ta wuce mutum uku. Can a filin fareti mai busa ya fito yana goge begilarsa da gefen riga.

“KOWA YA TSAYA INDA YAKE.”

Har akuyar sai da ta tsaya. Matar Samanja ce ta tsallako titi, ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

“Ku masu baro, fitar da su titi. Ku huɗu, akwatuna. Benci waje. Masu ciki ku bi bango kusa da ƙofa. Saura ku yi sahu huɗu, a karkace, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kalli asibiti. Jaka a ka, goyo a wuya. Ke mai jan mayafi, ba biki kika zo ba, matsa.”

Matan da suka shekara suna kallon fareti ta taga, ashe sun iya. Cikin minti shida baranda ta koma fili, cikin wasu shida ta cika da mata a jere kamar ashana a kwali. Matar Samanja tana bin farin layin tana duba ƙafafu, hannu a baya, yadda mijinta ke duba takalman kurata.

“Ke, babban yatsanki yana waje, mai da shi. Kada wadda ta yi min musu, na san layin nan fiye da wadda ta ja shi.”

Saura gurbi ɗaya a ƙarshen sahun gaba, matar Samanja na tsaye daf da shi. Sai ga wata amarya da ba ta fi wata biyu a bariki ba ta taho da gudu, takalmi a hannu. Matar Samanja ta cafko damtsenta ta cusa ta a gurbin. Begila ta fara.

Kowa ya ƙame. Tuta tana saukowa a hankali, ba ka jin komai sai busa da numfashin mata. Uwar Kanti tana tsaye a bakin ƙofa da makullanta a wuya. Da aka gama, Kyaftin ya fito ya bi layin daga kusurwa zuwa kusurwa yana duban ƙasa, sannan ya ƙirga kawuna sau biyu.

“Saba'in da huɗu a ciki,” ya ce. “A ci gaba.”

Kafin busa an riga an kai ɗari da arba'in da shida. Aka ci gaba ɗaya bayan ɗaya, har Mai Sito ya kunna fitila. Da Kyaftin ya ce ɗari biyu, baranda ta ɗauki shewa da tafi, wasu suna rungume juna, amaryar nan tana kuka ba ta ma san dalili ba. Uwar Kanti ko ɗagowa ba ta yi ba, cewa ta yi, “Mai bi.” Mata uku sun manta katinsu a gida, ta kuwa mayar da su, suna tafe suna dariya suna cewa Doka-ta-ce ba za ta canza ba. Aka tashi da ɗari biyu da goma sha bakwai. Kyaftin ya sa hannu, ya rubuta a gefen takardar rufewa cewa ta mutu, ya miƙe ya ƙame mata kamar yana gaban kanar. Daɗi ya cika ta har ta rasa abin faɗa, sai ta ce ya gaida gida.

Ta fito za ta ja ƙofa, baranda ta watse, saura mutum ɗaya a tsaye. Matar Samanja ce, taku ɗaya bayan farin layi, daidai inda ta tsaya shekara shida da suka wuce. Katinta na hannunta.

“Na samo shi,” in ji ta. “Tun safe yana cikin zanina.”

Uwar Kanti ta dubi katin, ta dubi ƙafafun matar, ta dubi layin.

“Matar Samanja…”

“Faɗi mana. Wallahi in kika ƙi faɗa yau, ni da ke har abada.”

Hawaye suka zubo wa Uwar Kanti, ba ta share ba. “Sai gobe ƙarfe takwas.”

“Allah ya kai mu,” in ji matar Samanja. Ta tsallaka titi ta ɗauki kujerarta ta tafi.

Baro shida suna nan suna aiki har yau, sai dai yanzu kowace mace takan zo da ƙafarta sau ɗaya a wata a rubuta lambarta, kuma matar Samanja ce ke bin jeri jeri tana tuna musu, ba mai iya cewa bai ji ba. Amma a waccan safiyar ta Alhamis, tun kafin mai busa ya fito matar Samanja tana tsaye cikin farin layi, ita kaɗai. Tuta ta hau, kwaɗo ya buɗe, ƙofa ta yi ƙuginta. Ta miƙa katinta ta ce a ba ta sukari da madara. Uwar Kanti ta buɗe sabon shafi, ta dubi hoton ta dubi fuskar kamar yadda doka ta ce, sannan ta rubuta lambarta a layin farko.